Bashin Wuta

A shagonmu na Ƙofar Marusa,
bayan la'asar, fanka na ta gurnani,
na ƙona 'yar ƙwaƙwalwa ta biyu.
Siririn hayaƙi, ƙaurin roba,
dubu huɗu ta bi iska.

Malam Isuhu bai ko ɗago ba,
yana ɗiga wa waya dalma.
Ya ce, Bilya, me ka ba ta ta ci?

Na ce, wutar inbata ce,
na rage ta da ƙaramin taransifoma,
so nake ta ƙirga mini ita da lamba.

Ya ce, wutar nan lilo take,
sau hamsin a daƙiƙa guda,
rabi bisa, rabi ƙarƙashin sifiri.
Ita kuwa wannan baiwar Allah
daga sifiri zuwa bolt uku da 'yan kai ta sani.
Sabon yaron shago ce:
ta iya ƙirga abin da ke cikin akwati,
ba ta san bashi ba.
Ka ɗora mata bashi, ta faɗi matacciya.

Ya zaro rizista biyu, Hassan da Usaini,
ya jera su daga wuta zuwa ƙasa,
ya dafa tsakaninsu da bakin sukudireba:
nan ne sabon sifirinka.
Ranta mata rabin abin da take iya ɗauka,
sai lilon ya koma tsakar ɗaki,
ba ya taɓa rufi, ba ya taɓa daɓe.
Ya sa kafasita a bakin ƙofa,
wani rizista a zaure don rage gaggawa,
dayod biyu masu gadi,
ɗaya na kallon sama, ɗaya na kallon rami.

Auna da mita tukuna, in ji shi.
Hannu ɗaya a aljihu.

Na yi bismilla, na kunna.
Ba hayaƙi.
Lambobi suka shiga kai da kawowa
a gefen dubu biyu da arba'in da takwas,
kamar awaki a turke.

Ya ce, saura ka cire rancen a lissafi,
abin da ya rage shi ne gaskiyar wutar.

Da za mu rufe, na buɗe littafin shago.
Ga sunana da jan biro,
Bilya, dubu takwas, da ɗan layi a gabanta.
Ashe ni ma tuni an auna ni
a ƙarƙashin sifiri,
ban kuwa yi hayaƙi ba.