Tamanin da Huɗu

A Greenock, inda kogin Clyde ke buɗe baki ya sha teku,
ina ɗan shekara goma sha ɗaya
aka jera mu a ɗaki mai warin kwal da jiƙaƙƙen ulu.
Malama Buchan ta kafa agogo kan tebur,
ta ce: minti arba'in, kada wanda ya waiga.

Zane-zane ne, da'ira, murabba'i, ɗigo uku,
wai wanne ke biye da wanne.
Ni kuwa kunnena na can bakin ruwa
inda guduma ke amsa wa guduma,
ina ƙirga bugun, ina jin wanda ya kauce.

Bayan mako uku takarda ta zo.
Tamanin da huɗu.
Babana ya juya ta ko akwai ƙari a baya.
Babu.
Ya ninke ta, ya cusa ƙarƙashin ƙafar tebur mai rawa.
Tebur ya daina rawa. Ni ban daina ba.

Shekara arba'in da ɗaya ina walda a tumbin jirage.
Daga launin wuta kawai
nakan san ɗinkin da zai jure fushin Atlantika,
amma in aka miƙo mini fom a banki
sai in lalubi aljihu, in ce na baro tabarau a gida.

Jikata Ishbel na jami'a. Ta ce masana sun rabu.
Wasu na ganin basira rijiya ɗaya ce,
a zura guga, a auna zurfi, a rubuta.
Wasu sun ce ƙofofinta takwas ko tara,
har da ta hannu, har da ta kunne, Kaka, irin taka.
Akwai ma masu cewa gado ce, kamar hanci.
Na ce: madalla.
To wa zai durƙusa ya gaya wa yaron nan
da ke ninke har yau ƙarƙashin tebur?

Ran Talata nakan je laburare, ajin tsofaffi masu koyon rubuta labari.
Can na haifi Lachlan.
Layinmu ɗaya, ranar haihuwarmu ɗaya,
sai dai shi na ba shi ɗari da talatin.
Na sa shi a jirgin ƙasa zuwa Edinburgh,
na ɗinka masa farar rigar likita,
na ba shi tafin hannu mai laushin burodin safe.
Shafi sittin yana tsaye ƙiƙam
kamar mutum-mutumin tagar shago.
Mai koyar da mu ya karanta, ya sosa ƙeya,
ya ce: Dougal, mutuminka ba shi da inuwa.

Sai na ara masa tabon ƙuna na wuyan hannuna,
da tarin asuba,
da yadda nake haɗiye magana in manya na ɗaki.
Ya yi numfashi.
Daga nan ya daina jin maganata.

A shafi na saba'in da ɗaya ya sauka daga jirgi ba da izinina ba,
ya biyo ruwan sama har tashar ƙira,
ya tsaya a bayana, takalmansa cikin tsatsa,
ya ce: yaya kake sanin wannan zai tsage?
Na ƙwanƙwasa ƙarfen, na ce: saurara.
Ya saurara.
Bai ji komai ba.

Wallahi alƙalami na hannuna.
Lamba ta zo har bakin yatsuna,
ƙarama, mai daɗi, wadda na yi shekara sittin ina wasawa.

Na dube shi, tabona a hannunsa.
Na kife agogon kicin a kan fuskarsa,
na ce: dawo gobe, likita.
Ƙarfe ba ya gaggawa.