Kan Sarki

Kakana Awad Ba Hashwan ya shekara arba'in da ɗaya
a gidan waya na Kiraita, a birnin Adan,
bayan taga ɗaya, kan kujera mai gurguwar ƙafa.
Ko sau ɗaya bai yi ƙaura ba,
ƙasar ce ta yi ta sauya suna a ƙarƙashinsa.

Da fari kan sarauniya yake lasa
ya manna wa wasiƙun matuƙan jirgin ruwa,
ana biyansa da sulalla.
Sittin da bakwai Turawa suka naɗe tuta suka bi teku,
aka kawo hatimi sabo, sunan ƙasa ya yi tsawo
har ya fi ƙarfin ambulan.
Jan tauraro ya hau, dinari ya shigo aljihu,
mai sayar da kifi ma ya koma kwamared.

Janairun tamanin da shida ba ya son a tuna masa.
Masu ci a akushi ɗaya suka juya wa juna bindiga.
Da aka buɗe taga bayan ƙura ta lafa
wasiƙu suka riƙa dawowa,
mai ita ba ya nan, mai ita ba ya nan.
Ya tara su a gwangwanin shayi,
ɗari biyu da sha bakwai,
bai buɗe ko guda ba.

A tis'in aka ce Kudu da Arewa sun zama ɗaya.
Ya yi rawa a titi, gwiwa na ƙara,
ya sayo wa kakata turare daga San'a.
Shekara huɗu tankoki suka gangaro,
wani yaro mai takarda ya ce masa, Baba, ka huta haka.
Ya ɗauki gwangwaninsa, ya bar musu kujerar.

Shekarar da jirage suka dawo sararin Adan
yana kwance, ido ya tafi, kunne na nan.
Na ce zan rubuta wa ƙanena a Jibuti,
wace ƙasa zan sa a bayan ambulan?
Ya yi shiru har shayi ya huce.
Ya ce, sa Adan kawai, Arwa,
sannan ki duba min gwangwanin nan,
kar tsatsa ta ci sunayen mutane.