Bakin Jarka

Wata bakwai ina tara kuɗin katin hoto,
jikka kan jikka cikin gwangwanin madara,
daga cajin wayoyin mutane a bakin Kasuwar Dole.
Mutari ya kawo shi daga Kano ta Ɗan Barto,
naɗe da zanen matarsa saboda ’yan duwan.
Fanka uku gare shi, nauyi kamar tubali.
Na sumbace shi. Ba na jin kunyar faɗi.

Na cusa shi cikin tsohuwar kwamfuta
da na saya gwanjo ran da wani ofis ya rufe,
baiwar Allah da ba ta san komai ba
sai wasiƙa da lissafin albashi.

Daren farko Shafi’u ya zo, Tanimun ya zo,
har da ƙanen Tanimun da ba a gayyata ba.
Na kunna tseren mota.
A kusurwar allo akwai ’yar lamba
mai ƙirga hotuna nawa ke wucewa a daƙiƙa.
Sittin aka yi mini alkawari.
Ta ce arba’in.
Motoci suka taru a kwana, ta ce ashirin da biyu.
Motata ta tsaya cak a iska,
ta ƙifta, ta bayyana jikin katanga.
Shafi’u ya ce, kabu-kabun Zango ya fi wannan sauri.

Na rage inuwa, na rage ciyawa,
na kwashe ’yan kallo daga gefen hanya,
na mai da duniyar wasan fili fetal.
Ashirin da huɗu.

Na buɗe awo na duba.
Ƙwaƙwalwar na’ura ta cika ɗari bisa ɗari,
tana huci kamar duwatsun Birni da azahar.
Katin da na yi wa azumin wata bakwai
yana aiki da kashi talatin,
ƙato a zaune, yana hamma,
yana jiran tsohuwa ta miƙo masa aiki
cokali cokali.

Ƙarfe uku na dare famfo ya yi tari.
Kowa a Damagaram ya san wannan tari,
ko mai barcin mutuwa sai ya tashi.
Inna Barira ta fito da jarkoki tara,
ta ce, kai mai ido biyu, zo riƙe mini.

Ruwa ya zo da ƙarfi, rabonsa da haka tun sallah.
Muka tara a babban baho,
tana kamfata da bokiti tana juyewa,
ni ina riƙe da jarka tsakanin gwiwoyi.
Bokiti cike, hannunta da sauri,
amma jarka na sha a nata lokaci,
gul, gul, ta shaƙe, ta tofar,
rabi ya bi ƙafata zuwa rariya.
Na ce, Inna, a samo babban bokiti.
Ta dube ni kamar na zagi kakanta.
Ko tafki ka ɗauko, in ji ta,
bakin nan dai shi ne bakin.

Ban ce komai ba. Wandona ya jiƙe.

Da asuba na koma ɗaki.
Motar na nan inda na bar ta, hanci a katanga,
fankoki uku na juyawa a banza.
Na tambayi Mutari kuɗin sabuwar ƙwaƙwalwa.
Ya ce ba ta shiga tsohon faranti,
sai an sake faranti, shi kuma ba ya karɓar tsohon ram,
kuma akwatin wutar ma, a bar maganarsa.

Na ɗauko gwangwanin madara na girgiza.
Dala biyar ta amsa daga ƙasa.
A tsakar gida jarka ta bakwai
tana ta gul, gul,
Inna na kirana in zo in riƙe.