Kakana Sau Uku a Farin Ƙyalle

Kafin dam ya haɗiye gonarmu a Dadin Kowa
mutum uku suka zo ɗaukar kakana Barde a fim
yana jan taru a Gongola.

Na farko mai umarni ne:
"Sake ja! Dubi gabas! Yi murmushi!"
Har kifi ya sayo a kasuwa ya zuba a tarun,
don ranar kogin ya yi rowa.

Na biyu bai ce uffan ba.
Kwana tara yana zaune gindin giginya
har balbelu suka daina tsoronsa,
har kaka ya manta da shi
ya koma zagin ƙadangaru yana ɗinkin taru.

Na uku tambaya kawai:
me ka ci, wa ka binne bara?

Shekara ta zagayo, motar majigi ta iso
filin makaranta.
Kaka ya ce na farko ƙarya ce mai kyau,
na uku ya fi alƙali bin diddigi.

Da na biyun ya zo sai ya miƙe,
ya sa hannu cikin hasken.
Inuwar yatsunsa ta sauka kan tsamiyarmu,
wadda yau kifi ke kwana a rassanta.