Farashin Igiya

A Blumenau ruwa yake zuba tun daren Litinin,
kogin Itajaí ya kumbura, ya yi launin shayi da madara.
Odair na tsugune a bayan kantin Dona Zuleide,
tsakanin gwangwanayen fenti da buhunan ƙusa,
kwamfutar kanti tana nishi kamar mai hawan dutse da kaya.

Shi ya rubuta manhajar, bana shekara uku.
Ya dafa ƙirji: ni ban taɓa komai ba.
Tambaya kawai na aika wa rumbun bayanai,
ƙusa nawa ta rage? Iyakarta ke nan.
Ban ƙara ba, ban rage ba, ban goge ba.
Wanda ya leƙa tukunya ai bai sha miya ba.

Sai dai rumbun nan ba ya amsa wa na bakin ƙofa.
Ko kallo ka zo yi, sai an buɗe maka ciniki,
a ba ka kujera, a tsayar maka da agogo,
a ce ga kaya yadda suke a wannan daƙiƙa,
haka za ka gan su har ka ce ka gama.

Odair bai koya wa manhajarsa cewa ta gama ba.

Ran Juma'a Marlise ta duba lissafin ƙusa,
ta ɗauki laimarta, ta bar allo a kunne.
Kwana huɗu rumbu na riƙe da alkawari.
Duk abin da aka sayar, ya ajiye inuwarsa,
tsohon farashi a ƙarƙashin sabo,
wani a kan wani,
mai shara ya zo da tsintsiya, aka ce dakata,
akwai baƙo a ciki, bai yi sallama ba.

Layi ɗaya ne maganin.
Ya rubuta shi da yatsa biyu, kunya na cin wuyansa:
in ka tambaya, ka ji amsa, ka tashi, ka ja ƙofa.
Injin ya sauke numfashi.
Rasit ya fito da gudu, yana murɗa jela.

Dona Zuleide ta miƙo masa kofi, baƙi, ba sukari,
ta saurari bayanin har ƙarshe, ba ta katse shi ba.
Ta goge tabarau da gefen riga.
Ta ce, marigayi Arnoldo ma
farashin igiya kawai ya shigo tambaya.
Shekara talatin da ɗaya ya yi a kujerar can.
Ga ta nan.
Har yau ban matsar da ita ba.