Ɗakin Ƙasa

Gidanmu a Valparaíso rataye yake a jikin tudu,
matakala saba'in da huɗu daga titi,
da wasu sha tara a cikin gida,
su ne gwiwar Baba ta ce ta gaji da su.
Muka sauko masa da gado ɗakin ƙasa,
inda taga ke kallon teku,
inda bangon dutse ya kai kamu biyu,
ba abin da ke ratsa shi sai sanyi.

Ran Lahadi Nicanor ke kira daga mahaƙar Calama.
Fuskarsa ta zo, ta daskare, baki a buɗe,
rabin gaisuwa maƙale a maƙogwaro.
Baba ya ɗaga waya sama,
ya karkata hagu, ya karkata dama,
sabis ya tsaya a bene ya ƙi saukowa.

Sai na tuna da ita,
tsohuwar rauta, can ƙasan durowa,
cikin matattun batura da makullan da suka manta ƙofarsu.
Ƙahonta ɗaya ya langaɓe.
Na hure ƙura, na goge ta da gefen riga.

Da allurar gashin Eulalia, ƙanwar Baba,
na soki ɗan ramin da ke bayanta,
na riƙe, na ƙirga goma.
Fitilunta suka mutu, suka farfaɗo,
ta manta sunanta, ta manta gidan da ta yi wa bauta.

Baba na kallo daga kan gado.
Ya ce, me kike yi mata?

Na ce, adireshi zan sauya mata,
kada ta yi karo da ta bene.
Sannan in hana ta rabon lambobi,
wannan aikin sabuwar ne yanzu.
In su biyu suka hau rabo,
wayoyin gidan nan ba za su san wa za su bi ba.

To ita me ya rage mata?

Miƙawa, Baba. Ta karɓa, ta miƙa.

Ya yi shiru.
Shekara talatin da ɗaya yana tashar jiragen ruwa,
shi ke cewa wane ya hau, wane ya sauka,
wane kwantena ya fara taɓa ƙasa,
har ranar da aka ba shi agogon bango da tafi.
Ya juya fuska wajen taga, ya ce,
ki bi ta a hankali.

Na jawo kebul, mita ashirin,
ta ƙarƙashin darduma, ta bayan hoton Mama,
ƙusa bayan ƙusa a gefen matakala.
Na cusa shi a ramin shuɗi. Shiru.
Na zagi kamfani, na zagi bango,
na sha shayi ya huce a hannuna,
kafin in gane ramin shuɗi na shugabanci ne.
Na zare, na mayar cikin rawaya,
layin talakawa, su huɗu a jere.

Suna ɗaya na ba su, lambar sirri ɗaya,
ranar haihuwar Mama da sunan kyanwa.

Lahadi ta zo da hazo daga teku.
Nicanor ya fito garau, har ƙurar da ke girarsa.
Ya ce, Baba, ka rame.
Baba ya ce, ƙarya ne, yau ne kawai ka gan ni da kyau.
Suka yi musu a kan ƙwallo minti arba'in,
ba wanda ya daskare.
Eulalia ta leƙo ta ce, da tsohuwar zuma ake magani,
amma a dawo mini da allurata.

Da dare na zo zan rufe fitilun da tsumma,
kada ƙyaftawarsu ta hana shi barci.
Ya ce, bar su.
Kore uku a kan shiryayye,
wasu can nesa a kan ruwa suna jiran izinin shigowa.
Na ja masa bargo.
Ya ce, tana aiki kuwa?
Na ce, tana yi.