Fatar Sama

Kawu Bagudu na shanya fatar jar akuya,
warin bagaruwa har bakin titi.
Na dawo daga Dundaye da alli a hannun riga,
lissafin da ya ƙi fita yana bi na kamar bashi.

Na ɗiga tawada uku a kan fatar.
Na ce, ja.
Ya ja. Ɗigon suka rabu, ba wanda ya taka.
Haka garken taurari ke nisantar juna, Kawu,
kuma gudun ƙaruwa yake,
kamar ka jefa hoge sama
ya ƙi dawowa, ya ƙara mai.

"To, wa ka jan ta?"

Nan muka rabu biyu, mu masu alli.
Wasu sun ce akwai ƙarfi a cikin wofi,
ba haske, ba inuwa.
Mun raɗa masa suna, baƙin makamashi,
an ci ragon, ba a ga jaririn ba.
Wasu sun ce ba kowa a can:
dokar da ke kayar da mangwaro ƙasa
ita ke sauya hali in tafiya ta yi nisa.

Kawu ya tofar da goro.
"In fata ta saɓa awo,
ko ita ta canza, ko kamunka ya yi ƙarya.
Ara hannun wani."

Shekara huɗu ina aron hannu.
Jiya an ɗauke wuta, na hau soro.
Kaza da 'ya'yanta na nan a dunƙule,
su ba ruwansu.